Sana’ar Cika Alƙawari: Nazarin Aikin Macafki a Ƙwallon Ƙafar Amurka Ta Fuskar Rayuwar Jerry Rice

Gabatarwa

Ƙwallon ƙafar Amurka wasa ne da sunansa kan ruɗi wanda bai san shi ba, domin hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa, ƙwallon da ake yin sa da ita kuma doguwa ce mai tsini a kai biyu, wadda aka ƙera domin jifa da runguma. Kowane ɓangare yana da ’yan wasa 11 a fili, kowanne da aikin da aka keɓe masa, kuma a cikin ayyukan nan babu wanda ya kai ɗaukar idon ’yan kallo kamar na ɗan wasan da ke tsayawa can gefe, nesa da cincirindon abokansa, yana jiran a fara wasa ya ruga cikin yankin abokan hamayya domin cafke ƙwallon da za a jefo masa. A bakin masu wasan ana kiransa “wayid risiba”, wato mai karɓa na gefe, amma a wannan nazari za a kira shi macafki, shi kuwa mai jefa masa ƙwallon, wanda suke kira “kwatabak”, za a kira shi majefi.

Abin da talabijin ta fi nuna wa jama’a game da macafki shi ne gudun da ya bar kowa a baya, da tsallen da ya wuce kan mai tsaro, da cafka da hannu ɗaya, da rawar murna bayan ci, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauki aikin a matsayin baiwar mutum ɗaya. Wannan nazari yana kan wata fahimta daban, wato cewa ginshiƙin aikin macafki shi ne cika alƙawari, tun da majefi yakan saki ƙwallo kafin macafki ya waiwayo, ya nufi wani gurbi da babu kowa a cikinsa, bisa yardar cewa abokin nasa zai iso wurin a daidai lokacin da suka shirya. Za a bi tarihin sana’ar a taƙaice, sannan a auna wannan fahimta da rayuwar Jerry Rice, wanda ya yi kaka 20 a gasar NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ya kuma bar alƙaluman da har yau babu macafkin da ya cim musu.

Tsarin wasan da gurbin macafki a cikinsa

Tsawon filin wasan yadi 100 ne, sannan a kowane ƙarshe akwai ƙarin yadi 10 da ake kira yankin ci, faɗinsa kuwa ya ɗara yadi 53 kaɗan. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da yunƙuri huɗu domin ya matsa gaba da yadi 10, in ya yi nasara a sabunta masa wasu huɗun, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kowane yunƙuri yana farawa ne daga wani layi da ɓangarorin biyu ke fuskantar juna a kansa, wanda za a kira layin arangama, kuma doka ta yarda a jefa ƙwallo gaba sau ɗaya tak a yunƙuri, shi ma sai daga bayan wannan layi. Wanda ya shiga yankin ci riƙe da ƙwallo, ko ya cafke ta a can, ya samo wa ƙungiyarsa maki 6, abin da ake kira “tacdawun”, wanda a nan za a riƙa ce masa babban ci.

Da zarar an fara yunƙuri, ƙattin ’yan tsaro sukan yo kan majefi domin su kayar da shi, wasu ƙattin biyar na ɓangarensa kuma su tare su, kuma bisa al’ada lokacin da yake da shi kafin katangar ta rushe bai wuce daƙiƙa uku ba. A cikin wannan ɗan lokaci ne macafki zai bi tafarkinsa, wato hanyar da aka zana masa tun a littafin dabarun ƙungiya, wadda ta ƙayyade yawan yadin da zai yi kafin ya karya, da ɓangaren da zai karya, da kusurwar da zai bi. Akwai tafarkin da yake yanko ciki a karkace bayan taku uku, akwai wanda ake miƙewa yadi 10 ko 12 sannan a karya zuwa layin gefe, akwai wanda ake tsayawa cak a juyo, akwai kuma na miƙewa ɗoɗar har ƙarshen fili. A gabansa akwai mai tsaron kusurwa, wanda aikinsa shi ne ya manne masa kamar ƙaya a riga, a can baya kuma akwai masu tsaron baya da ke jiran wanda ya kuɓuce. Gwanintar macafki ita ce ya sa dukkan tafarkunsa su yi kama da juna a takun farko, ta yadda mai tsaro ba zai gane inda aka nufa ba sai bayan an karya, kuma idan cafkar ta zo a bakin layin gefe, dokar NFL ta wajabta masa ya sauke ƙafafunsa biyu a cikin fili kafin ya fita.

Wani abin lura shi ne ƙarancin lokacin da ƙwallo ke zuwa hannunsa. Ƙungiya takan yi yunƙuri kusan 60 ko fiye a wasa ɗaya, amma Rice, wanda ya fi kowa yawan cafka a tarihi, ya cafke ƙwallo 1,549 ne a wasanni 303, wato kimanin biyar a kowane wasa. Sauran gudun da ya yi kuwa, ko dai na janye masu tsaro ne domin wani ya samu sarari, ko na tare hanya domin mai gudu da ƙwallo ya wuce, kuma dole ya yi shi da irin ƙarfin da zai yi in da shi za a jefa wa, don kada masu tsaro su gane bambanci.

Yadda sana’ar ta samu

A farkon wasan babu jifa gaba ko kaɗan, turereniya ce ta taro a kan taro, wadda a shekarar 1905 kaɗai ta yi sanadin mutuwar aƙalla ’yan wasa 18, har Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami’o’i ya matsa musu lamba su gyara. Cikin gyare-gyaren 1906 ne aka halatta jifa gaba, domin a warwatsa ’yan wasa a fili a rage cunkoson da ke kisa, sai dai an ɗaure shi da sharuɗɗa masu tsauri, har ma ƙwallon da ta faɗi ƙasa ba wanda ya taɓa ta takan zama ta abokan hamayya. Wasan da ya buɗe idon mutane shi ne na 1913, inda jami’ar Notre Dame ta doke makarantar sojojin Amurka da ci 35 da 13, ta hanyar jifan Gus Dorais da cafkar Knute Rockne, waɗanda suka shafe hutun bazara suna gwajin abin tare. Tun daga wannan wasa aka ga cewa jifa yana tsayawa ne a kan mutum biyu da suka san juna.

An kafa NFL a 1920, a 1933 ta yarda a yi jifa daga ko’ina a bayan layin arangama, shekara guda bayan haka kuma aka sirantar da ƙwallon domin ta fi daɗin riƙewa. A wannan yanayi ne Don Hutson ya shiga ƙungiyar Green Bay Packers a 1935, kuma shi ake dangantawa da mayar da gudun macafki wani ilimi mai tafarkuna sanannu da yaudarar kafaɗa da sauyin sauri. A 1942 ya zama na farko da ya haura yadi 1,000 a kaka ɗaya, inda ya yi 1,211, kuma babban ci 99 da ya tara ta hanyar cafka ya tsaya a matsayin mafi yawa har 1989, lokacin da Steve Largent ya wuce shi.

Bayan Hutson, al’adar ta rabu gida biyu. Gida na farko shi ne na Raymond Berry na Baltimore Colts, wanda ba shi da wani gudun a zo a gani, idonsa ma ba shi da ƙarfi, har sai a zagaye na 20 aka ɗauke shi a zaɓen sababbin ’yan wasa na 1954, amma ya riƙa tsayawa bayan an tashi daga atisaye yana maimaita tafarkuna da majefinsa Johnny Unitas har kowannensu ya haddace takun ɗan’uwansa. Sakamakon wannan ya bayyana a wasan ƙarshe na 1958 da New York Giants, inda ya cafke ƙwallo 12 na yadi 178. Gida na biyu shi ne na Bob Hayes, wanda ya ci zinare a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964, ya shiga Dallas Cowboys a 1965, kuma da yake babu mai tsaron da zai iya bin sa ƙafa da ƙafa, ana danganta yaɗuwar tsaron yanki da shi, wato tsarin da kowane mai tsaro ke kula da wani sashe na fili maimakon bin mutum guda. Tsaron yanki kuwa ya ƙara wa macafki wani nauyi, domin yanzu sai ya karanta tsarin abokan hamayya yana cikin gudu, ya gano gurbin da ke tsakanin yankuna biyu, kuma karatunsa ya zo daidai da na majefi, in ba haka ba ƙwallo ta tafi wani wuri shi yana wani.

Sauyin doka mafi girma ya zo a 1978, lokacin da aka hana mai tsaro bangaje macafki bayan yadi biyar daga layin arangama, aka kuma sassauta wa masu kare majefi su miƙa hannuwansu. Kafin nan ana iya tunkuɗar macafki a ko’ina a tafarkinsa muddin ba a saki ƙwallo ba, abin da ke ruguza duk wani lissafin lokaci. A wannan shekara kuma aka ƙara wasannin kaka daga 14 zuwa 16.

Tarihin sana’ar yana da tabon wariyar launin fata da bai kamata a tsallake shi ba. Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a NFL, kuma ko bayan buɗe ƙofa a 1946 an daɗe ana kallon gurbin majefi a matsayin na tunani da jagoranci da aka keɓe wa farare, ana tura baƙaƙe guraben da ake ganin na gudu ne kawai. Marlin Briscoe ya yi wa Denver Broncos majefi a 1968, ya jefa babban ci 14 a kakarsa ta farko, amma bai sake samun gurbin ba, sai ya koma Buffalo ya koyi aikin macafki, daga baya ya ci kofi sau biyu da Miami Dolphins. Ra’ayin cewa macafki ƙafa ce kawai babu kai yana da saiwa a wannan tarihi, kuma rayuwar Rice tana cikin abubuwan da suka ƙaryata shi.

Daga Misisipi zuwa San Faransisko

An haifi Jerry Rice a ranar 13 ga Oktoba, 1962, a garin Starkville na jihar Misisipi, ya tashi a ƙauyen Crawford, ɗa ga magini mai aikin bulo. A lokutan hutu yakan bi mahaifinsa wurin gini, ya tsaya a kan dakali yana cafke bulon da ’yan’uwansa ke jefo masa daga ƙasa cikin zafin rana. Marubuta wasanni sun so wannan labari ƙwarai, suka mayar da shi asalin hannuwansa, sai dai bulo da ƙwallo ba su da cafka iri ɗaya, tun da bulo yana son hannu mai tauri, ƙwallo kuwa tana son yatsu masu laushi da ke karɓarta suna ja da baya. Abin da ya fi dacewa a ce ya ɗauko daga wurin gini shi ne sanin cewa aiki yana da awo da tsari, kuma layin da aka karkata tun daga ƙasa ba ya miƙewa a sama.

Manyan jami’o’in da ke tashe a wasan ba su neme shi da gaske ba, sai ya shiga Mississippi Valley State a garin Itta Bena, ɗaya daga cikin jami’o’in da aka kafa domin baƙaƙen fata a zamanin wariya. A can ya haɗu da koci Archie Cooley, mai tsarin jifa kusan a kowane yunƙuri, da majefi Willie Totten, kuma a 1984 ya yi babban ci 27 ta hanyar cafka. Duk da haka masu farautar ’yan wasa sun yi shakka, saboda makarantarsa ba ta cikin rukunin farko, sannan lokacin da aka auna masa a gudun yadi 40, wanda shi ne ma’aunin da ƙungiyoyi suka fi dogara da shi, bai kai na fitattun masu gudu ba. A zaɓen 1985 an ɗauki macafka biyu kafin shi, Al Toon da Eddie Brown, sannan San Francisco 49ers suka yi musaya da New England Patriots domin su hau gurbi na 16 su ɗauke shi.

Wanda ya nace a kan ɗaukarsa shi ne koci Bill Walsh, kuma dalilinsa yana cikin tsarin wasan da ya ƙirƙira. Tun yana mataimaki a Cincinnati Bengals, inda ya samu kansa da majefin da ba shi da ƙarfin dogon jifa, Walsh ya gina tsari a kan gajerun jifa masu tsananin lissafi, inda aka ɗaure takun majefi da na macafki: idan majefi zai ja baya taku uku, akwai tafarkunan da suka dace da taku uku, haka na biyar, haka na bakwai, kuma da ƙafarsa ta ƙarshe ta dira sai ƙwallo ta tashi. Ana so a sa ƙwallon a gaban macafki yana cikin gudu, domin jifan yadi shida ya zama ribar yadi 30 ko 60. Irin wannan tsari ya fi buƙatar mutumin da ba ya rage sauri wajen karyawa, ba ya ƙara taku ko rage shi, fiye da wanda ya fi kowa gudu a miƙaƙƙen layi.

Kakarsa ta farko ta zo da wahala, domin ƙwallaye da dama sun suɓuce daga hannunsa yayin da yake fama da haddar littafin dabaru mai kauri, har ’yan kallo suka fara yi masa ihu, kafin a watan Disamba ya cafke 10 na yadi 241 a wasa da Los Angeles Rams. A 1986 ya yi yadi 1,570, a 1987 kuma, kakar da yajin aiki ya gajarta, ya yi babban ci 22 ta hanyar cafka a wasanni 12 kacal. A Janairun 1989, a wasan ƙarshe na Super Bowl da Cincinnati, ya cafke 11 na yadi 215 aka zaɓe shi gwarzon wasan, shekara guda bayan haka ya yi babban ci uku lokacin da suka lallasa Denver da 55 da 10, ya kuma sake yin uku a Janairun 1995 a kan San Diego. A kakar 1995, yana da shekara 33, ya cafke 122 na yadi 1,848, adadin da ya tsaya har 2012 kafin Calvin Johnson ya wuce shi da 1,964.

Hausawa sun ce wanda ya ci zomo ya ci gudu, kuma gudun Rice sananne ne ga duk abokan wasansa. A lokacin hutun kaka yakan hau wani tudu mai nisan kusan mil biyu da rabi a kudancin San Faransisko, wanda abokin wasansa Roger Craig ya nuna masa, a atisaye kuma duk ƙwallon da ya cafke sai ya ruga da ita har yankin ci ko da babu mai bin sa. Manufar wannan horo tana da alaƙa kai tsaye da batun alƙawari, domin tafarkin da aka bi a farkon wasa da sabon ƙarfi dole ya zama shi ne a ƙarshen wasa bayan gajiya ta kama kowa, kuma macafkin da gajiya ta sa ya karya a yadi 9 maimakon 12 ya miƙa ƙwallo ga mai tsaro ke nan.

A wasan farko na 1997 da Tampa Bay ya tsinka jijiyoyi biyu a gwiwa, ya dawo a Disamba, ya yi babban ci, ya kuma tsaga ƙoƙon gwiwar a faɗuwar da ya yi wajen cafkar. Bayan kakar 2000 ya tsallaka Oakland Raiders, inda a 2002, yana da shekara 40, ya cafke 92 na yadi 1,211, adadin da ya zo daidai da na Hutson shekara 60 kafin nan. Ya ƙarasa a Seattle a 2004, ya ajiye wasa a 2005 da yadi 22,895 da babban ci 208, 197 daga ciki ta hanyar cafka, aka kuma shigar da shi zauren girmamawa na garin Canton a 2010. Larry Fitzgerald, wanda ke bi masa a yawan yadi, ya tsaya a 17,492 bayan kaka 17.

Karanta alƙaluma da adalci

Girman waɗannan alƙaluma bai kamata ya rufe gaskiyar cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba. Rice ya yi wasa da majefi Joe Montana, sannan Steve Young, sannan Rich Gannon, kuma kowannensu ya taɓa zama gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya, daga hannun Young kaɗai ya karɓi babban ci 85. Ya kuma shigo bayan dokar 1978, don haka kwatanta shi da Hutson ko Berry, waɗanda aka riƙa bangajewa a kowane taku a kakanni masu ƙarancin wasanni, yana buƙatar taka tsantsan, kamar yadda kwatanta shi da na yau yake buƙata, tun da an ƙara tsananta dokar taɓa macafki a 2004, aka kuma mayar da wasanni 17 a 2021. A 2015 shi da kansa ya amsa cewa ya taɓa shafa abin danƙo a safar hannunsa, alhali an haramta irinsa tun 1981, kuma adalcin nazari ya wajabta a ajiye wannan a gefen sauran.

Misalin da ya fi fito da dogaron macafki ga waninsa shi ne na Randy Moss, wanda a tsawo da gudu da tsalle ya fi Rice baiwa. A 2006, a ƙungiyar Oakland da ta wargaje, ya cafke ƙwallo 42 da babban ci 3, har aka fara cewa ya ƙare, amma a 2007 da ya koma New England ya haɗu da majefi Tom Brady sai ya cafke 98 da babban ci 23, ya karya tarihin da Rice ya kafa a 1987. Mutumin bai canja ba a cikin wata goma sha biyu, abin da ya canja shi ne wanda ke ɗaya gefen alƙawarin.

Wannan dogaro ne kuma ke bayyana halin da aka san macafka da shi na ƙorafi da son a gan su, wanda Terrell Owens da Chad Johnson suka shahara da shi. Albashin macafki da darajarsa suna rataye ne a kan alƙaluman da ba shi ke raba su ba, tun da koci ne ke zaɓen dabara, majefi kuma ke zaɓen wanda zai jefa wa, kuma a zamanin da Justin Jefferson ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 140 na shekara huɗu a 2024, kowace ƙwallon da aka jefa wa wani tana da farashi. Rice ma bai tsira daga wannan ba, domin bayan Super Bowl na 1989 ya fito fili ya koka cewa ba a ba shi yabon da ya cancanta ba, kuma a wasansa na ƙarshe a gida da rigar 49ers, a Disambar 2000, abokin wasansa Owens ne ya cafke ƙwallo 20 a gabansa, alamar cewa majefi ya riga ya sami sabon abokin alƙawari.

Abin da jiki ke biya

Alƙawarin macafki yana da wani sharaɗi mai tsada, wato ya tsayar da idonsa a kan ƙwallo alhali ya san akwai wanda ke tahowa da gudu domin ya buge shi, musamman a tafarkunan da ke ratsa tsakiyar fili, inda hannuwansa ke sama, haƙarƙarinsa da wuyansa kuma a buɗe. A ranar 12 ga Agusta, 1978, a wasan share fage, Darryl Stingley na New England ya miƙa jiki domin cafka sai Jack Tatum na Oakland ya yi karo da shi, wuyansa ya karye, ya rayu a keken guragu har rasuwarsa a 2007, kuma a dokar lokacin karon bai zama laifi ba. Al Toon, wanda aka fifita a kan Rice a zaɓen 1985, ya bar wasa a 1992 yana da shekara 29 saboda yawan buguwar ƙwaƙwalwa, Calvin Johnson kuma ya ajiye yana da shekara 30 bayan kaka tara, jikinsa cike da ciwo.

Daga baya NFL ta sa dokokin da suka hana dukan kai da wuyan macafkin da ke cikin cafka, amma binciken likitoci ya nuna lamarin ya wuce karo guda mai tsanani. A 2017 masana a Jami’ar Boston suka wallafa sakamakon gwajin ƙwaƙwalen tsofaffin ’yan wasan NFL 111 da iyalansu suka bayar bayan rasuwarsu, inda aka samu cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE, wadda ake dangantawa da maimaita buguwar kai, a cikin 110. An kuma tabbatar da ita a ƙwaƙwalen macafka biyu da suka rasu a 2021, Vincent Jackson da Demaryius Thomas, na biyun yana da shekara 33. Idan aka haɗa wannan da cewa matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai wuce kimanin shekara uku ba, za a ga cewa kaka 20 na Rice togaciya ce, kuma yabon juriyarsa ba zai zama hujjar cewa duk wanda jikinsa ya gaza rago ne ba, tun da Toon da Stingley ba su kasa shi himma ba.

Kammalawa

Tarihin macafki, daga Rockne zuwa Hutson, daga Berry da Hayes zuwa Rice, ya nuna sana’ar da ta taso daga dokar da aka yi domin rage mace-mace, ta bunƙasa da kowane sassaucin doka, ta kuma zama gurbin da ya fi kowanne ƙyalli a wasan, alhali mai yin ta ba ya taɓa ƙwallo sai wani ya yarda da shi. Matsayin Rice a cikin wannan al’ada shi ne ya ɗauki hanyar Berry ta maimaici da awo, ya zuba ta a jikin da ya fi na Berry ƙarfi, ya kuma dace da koci da majefan da tsarinsu ke sakanta wa mai zuwa a kan lokaci. Majefa uku da suka ci kyautar gwarzon gasa, a tsawon shekaru kusan 20, sun riƙa sakin ƙwallo zuwa gurbin da babu kowa, ƙatti na tahowa a kansu, saboda sun tabbata cewa Rice, mai riga lamba 80, zai iso wurin, kuma ƙwallaye 1,549 da aka rubuta a gaban sunansa su ne adadin lokutan da ya cika wannan alƙawari.